Wasan da ba a rubuta ba: abin da dandali da kasuwar Yamai suka sani game da ba-zata

Mafi yawan wasannin kwaikwayon Hausa da suka yi tashe a Nijar zamanin Samariya, ƙungiyar matasa ta ƙasa, ba a rubuta maganganunsu a takarda ba. Wanda ya tashi ya tarar da fim da waya sai ya ɗauka ana miƙa wa kowane ɗan wasa takardarsa ne, ya tafi gida ya haddace. Ba haka aka yi ba. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974 ya farfaɗo da Samariya, aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa wanda jihohi ke karɓa bi da bi, kowace jiha ta kawo waƙarta da rawarta da teyatur ɗinta. Ƴan wasa kan zauna ne su tattauna jigo: auren dole, cin hanci, ci-rani, almubazzarancin biki. Su yanke inda labari zai faro, inda zai rikice, da inda zai sauka. Su yanka shi fitowa-fitowa, su raba matsayi: kai ne Alhaji, ke ce uwargida, kai ne malam, kai ne maroƙi. Daga nan sai a miƙe a gwada, kowa ya nemo kalmominsa a bakinsa. Abin da ya ba da dariya ko ya taɓa zuciya a riƙe shi, abin da ya mutu a bar shi nan. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, inda Yazi Dogo da abokan wasansa suka yi suna har ƙasa duka ta san su ta talabijin, da wannan hanya ta yi aiki.

Akwai fahimtar da ta zauna wa mutane da yawa, har da masu ilimin boko, wadda nake ganin ba daidai ba ce. Sukan ce ƴan wasan nan ba su da shiri, abin da ya zo bakinsu suke faɗa. Haka sukan ce ɗan kasuwar Katako ko na Wadata ba shi da tsari, sa'a ce kawai ke tafe da shi. Alhali duk wanda ka ga ba-zata ta same shi bai faɗi ba, ya fi kowa shiri. Inda ya zuba shirin ne daban. Ya ɗaure ƴan abubuwa kaɗan tamau, ya saki sauran, kuma gwanintar duka tana wajen sanin wanne za a ɗaure, wanne za a saki.

A duba abin da ke iya samun mai wasa a Yamai cikin dare guda. Babban dandalin cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda ba shi da rufi, haka filayen gidajen matasa da yawa daga nan har Tawa. Daga Yuni zuwa Satumba hadari kan haɗo daga gabas cikin ɗan lokaci, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa, ta kwashe labule da tabarmi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi, kuran kan ɗauke ana tsakiyar magana, lasifika ta mutu, fitilu su mutu. Babban baƙon da aka ce sai ya zo za a fara ya makara, wasan da aka shirya wa awa biyu ya zama dole a matse shi kafin a kira sallah. Wadda za ta fito a amarya an yi rasuwa gidansu da la'asar. Sannan ga ƴan kallo su kansu, waɗanda ba su zama shiru har a gama. Namu suna amsawa, suna ƙarasa wa ɗan wasa karin maganar da ya faro, wata dattijuwa ta miƙe ta yi wa mugun miji Allah-ya-isa, wani ya hau dandali ya liƙa wa wanda ya burge shi kuɗi a goshi.

Ƙungiyar da kalmomi kawai ta haddace, in ɗaya daga cikin waɗannan ya same ta sai ta tsaya cik. Dalili kuwa, kowane ɗan wasa yana jiran kalmar ƙarshe ta ɗan'uwansa ne kafin ya saki tasa; in kalmar ba ta zo ba, zare ya tsinke. Ƙungiyar da ta haddace labari kuwa, kowa a cikinta ya san abin da wannan fitowar ta zo yi. A ce fitowar ita ce inda Alhaji zai gano yaron shagonsa na cin amanarsa. Ko cikin minti goma aka yi ta ko cikin minti biyu, ko da lasifika ko da maƙogwaro tsura, dole kafin a sauka Alhaji ya gano. Sauran duka ana iya sarayar da su.

A ɗauka kuran ya ɗauke daidai wannan wurin. Ɗan wasan da ya san Alhajinsa ciki da bai ba zai yi kamar ba abin da ya faru ba, ba kuma zai fita daga wasa ya ba jama'a haƙuri ba. Sai ya ɗaga murya cikin duhu: "Kai yaro! Kuɗin kuran da na ba ka ran Laraba, ina ka kai su?" Yanzu komai ya rataya a wuyan wanda ke yin yaro. In ya ce, "A'a Alhaji, ai wuta na nan," ya kashe maganar, ya kuma bar abokinsa a tsaye ba madafa. In kuwa ya fara in-ina, "Alhaji, wallahi na je, layi ne ya yi yawa, sai na... sai na ajiye su wurin wani," to ya karɓi abin da aka miƙo masa ya ɗora nasa, kuma duhun da ya zo ya ɓata wasa ya zama shi ne ya tona asirin ɓarawo. Fitowar ta yi aikinta, ƴan kallo ma ba su san inda shiri ya ƙare dabara ta fara ba.

Wannan ba a dandali ake koyonsa ba. A wurin gwaji ake koyo, wata da watanni, har mutum ya san yadda Alhajinsa ke tunani, abin da ke ba shi tsoro, abin da ba zai taɓa faɗa ba ko da an matsa masa. Ana kuma koyon saurare, wanda ya fi magana wuya. Mai haddar kalmomi yana iya tsayawa kusa da kai bai ji ka ba, don kunnensa na kan layinsa. Mai wasa da labari dole ya ji abin da ka faɗa a daren nan, ba abin da ka faɗa jiya ba. Sannan kowace ƙungiya mai ƙarko tana da wani babba a cikin wasan da ke riƙe da linzami. Domin babbar barazana ga irin wannan teyatur daga cikin gida take fitowa: ɗan barkwancin da ya ji daɗin dariyar jama'a, ya yi ta ja yana ƙari, har a manta abin da aka zo faɗa. Aikin babban nan ne ya shigo da wata magana da za ta maido da kowa kan hanya ba tare da ƴan kallo sun ga an ja wa wani kunne ba.

Tushen abin tsoho ne a wurinmu. Yaran tashe cikin azumi, ƴan kama da ke kwaikwayon malamai, wasan kara na Damagaram inda matasa ke kwaikwayon sarki da gwamna da manyan gari, da cali-cali, masu ban dariyar da ke cika fili tsakanin karo da karo a kokawar Takobi, wadda aka fara ta ƙasa a Tawa a 1975, duk da abin da suka tarar a wurin suke wasa. A Italiya ma tun ƙarni na 16 akwai ƙungiyoyin yawo masu tsayayyun matsayi, da jerin fitowa kawai a rubuce, magana kuwa daga ka. Sai a shekarun 1970 Augusto Boal na Barazil ya kai abin maƙura: a yi wasa ya ƙare da zalunci, sannan a ce wa ƴan kallo duk wanda ke da mafita ya hau ya karɓi matsayin wanda aka zalunta ya gwada. Prosper Kompaoré, wanda ya kafa ƙungiyarsa a Wagadugu a 1978, na cikin waɗanda suka yaɗa salon a Sahel, kuma ana amfani da shi a ƙauyukanmu wajen faɗakarwa. A irin wannan wasa, wanda ke yin mugun uba bai san wa zai hau ba, bai san me za a ce masa ba. Abin da kawai ya riƙe shi ne sanin mugun uban.

Yanzu mu shiga kasuwa. Masanin tattalin arziki na Amurka Frank Knight ya raba matsalar gida biyu tun 1921, kuma rabon na da amfani. Akwai haɗarin da ake iya lissafawa: mai albasa ya san wani kaso zai ruɓe a ajiya, mai kamiyo ya san taya za ta fashe, mai tumatir ya san farashi zai faɗi in kaya suka yi yawa. Irin wannan ana saka shi cikin farashi tun farko. Akwai kuma wanda ba shi da lissafi, don bai taɓa faruwa haka ba, ko kuma hukuncin wani mutum ne da zai yanke cikin dare. Ɗan kasuwar Nijar da na biyun ya fi fama.

Wanda ya daɗe a harkar ya ga gobarar 1982 da ta cinye babbar kasuwar Yamai, wadda sai a 1987 aka sake buɗe ta, ya kuma ga ta ƙaramar kasuwa a 2012. Ya ga Janairun 1994, da aka kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50 aka tashi yana 100: wanda ake bi bashin kaya daga waje bashinsa ya ninka, mai fitar da shanu ko wake ko albasa kuwa kasuwa ta buɗe masa. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela da ke fuskantar Ƙonni ba sai Disamban 2020, kuma a tsakanin nan korona ta shigo a Maris na 2020, aka kafa dokar hana fitar dare a Yamai, aka killace birnin. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a Najeriya, a watan Mayu aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Cikin ƴan kwanaki CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, iyakoki suka rufe, Najeriya ta yanke lantarkin da a lokacin ke ba ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu. Kayan da a da ke sauka tashar ruwan Kwatano su yi tafiyar kilomita 1,000 da ƴan kai su iso Yamai, sai suka koma ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, ko a sauke su bakin gulbi a tsallaka da su cikin kwale-kwale. A damanar 2024 kuma ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na ɗan lokaci.

Ba wanda ya rubuta wannan jerin a tsarin kasuwancinsa. Amma wasu sun tsaya, wasu sun durƙushe, kuma bambancin ya wuce sa'a, ko da yake ita ma tana da rabonta.

Abin da waɗanda suka tsaya suka ɗaure tamau shi ne sunansu. Yawancin kasuwancinmu a kan bashi yake tafiya, kuma bashin baki ne. Babban ɗan kasuwa ya ba ƙarami kaya ya ce in ka sayar ka kawo. Shi ma wani a Kwatano ko Kano ko Dubai ne ya ba shi. Ran da hanya ta toshe, kowa na bin kowa. A nan ne ake gane wanda ke sauraren abokin wasansa. Ɗaya ya ɗauki waya tun kafin ranar alkawari: "Alhaji, kaya sun maƙale a hanya, ƙarshen wata ba zan iya cikawa ba. Ga rabi na aiko ta NITA, ka yi mini haƙuri da saura." Ɗayan ya kashe waya ya daina bin layin shagon ubangidansa. Na farko ya miƙa wa Alhaji abin da zai ɗora nasa a kai, domin shi ma yana da wanda zai ba haƙuri, yana kuma buƙatar sanin gaskiyar abin da zai shigo masa. Na biyu ya bar shi cikin duhu. Ran da kaya suka fara isowa ƙwaya-ƙwaya, kowa ya san wanda za a fara kira.

Abin da suka saki kuwa shi ne hanya da haja. Wanda ya ɗauki kansa a matsayin mai shigo da shinkafa ta Kwatano, ran da Kwatano ta rufe aikinsa ya ƙare. Wanda ya ɗauki kansa a matsayin mai ciyar da shagunan unguwa kaza, sai ya tambayi kansa me zai sa a cikinsu wannan watan, ta ina kuma zai biyo da shi. Sai dai hanya ta biyu tana da kuɗinta, kuma a lokacin zaman lafiya ake biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sami gurbi a Lome a ƙarshen 2023 galibi wanda yake da mutum a can ne tun da, ɗan'uwa ko yaro ko mai masauki, wanda yakan bi da ɗan kaya ta can jefi-jefi ko da ta fi tsada, don kada zumuncin ya mutu. A takarda wannan asara ce. Haka gwajin da ƙungiya ke yi wa mutum biyu a kan matsayi ɗaya yake zama kamar ɓata lokaci, har ran da aka yi rasuwa gidan amarya. Haka kuma shagon da mai shi kaɗai ya san farashin saye, ya san wa ake bi, ya san inda makullin mangaza yake, zazzaɓin kwana uku ya isa ya rufe shi.

Akwai kuma maganar tsabar kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa tana sauka. Ɗan kasuwar Ƙonni da ke saye da sayarwa da kuɗi iri biyu ya san bai kamata naira ta daɗe a aljihunsa ba lokacin da take zamewa, ya kuma san faɗuwarta na sa kayan Najeriya su yi masa araha. Ya san kada ya zuba uwar kuɗinsa duka cikin kaya, komai kyan kasuwa, domin dama ma ba-zata ce, kuma mai kuɗi a hannu take samu.

Albasar Galmi ta fi komai nuna inda wannan magana ke da ƙarfi da inda take da iyaka. A Maris da Afrilu, lokacin da gonakin Galmi da Madawa da Tsarnawa ke cire albasa gaba ɗaya, buhu kan faɗi warwas. Wanda ya zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira watanni yana iya sayarwa da ninkin farashin, in dai ruɓa da raguwar nauyi ba su cinye ribar ba, in kuma hanyar Gana ko Kodebuwa a buɗe take ran da ya tashi sayarwa. Manomi mai hankali yakan raba: wani kaso ya sayar nan take ya biya bashi, wani ya ajiye zuwa damana, wani ya bar shi har ƙarshe. Bai san wanne zai ci ba, don haka bai jingina da ɗaya ba. To amma wa ke iya wannan rabon? Wanda ba a binsa. Manomin da ya ci bashin taki da iri da man injin ban-ruwa, dillali na tsaye bakin gonarsa ranar cira, ba shi da zaɓi. Ya san farashi zai hau sarai, saninsa bai amfane shi da komai ba.

Nan ne nake ganin ya kamata mu yi hattara da yabon dabara. A dandali, in abu ya ɓaci, da an sauka ya wuce, gobe a sake. A kasuwa jari ne ke tafiya, da kuɗin makarantar yara, da mutunci. Kuma sararin juyawa da rara ake sayensa. Matar da ke sayar da ƙanƙara da lemun kwalba daga firiza ɗaya a Talladje ko Bukoki, da tela, da mai walda, lokacin da lantarki ya koma na ƴan awoyi a Agustan 2023, wace dabara ce za ta fisshe su? Mai hali ya sayi gurup ko faifan hasken rana ya ci gaba, har ya kwashe cinikin waɗanda suka rufe. In muka tsaya ga cewa ɗan Nijar akwai haƙuri da iya juya lamari, mun ɗora wa talaka nauyin da ba shi ya jawo ba. Wani kaso mai yawa na ba-zatar nan mutane ne ke yin ta: shugabannin yanki da suka rufe iyaka a kan abinci da magani, da hukumomin da ke sanar da doka yau ta fara aiki yau. Hana fitar da hatsi da aka yi a Oktoban 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina, yana da dalilinsa, don kowa ya ga yadda abinci ya yi tsada. Amma duk matakin da zai taɓa kayan da ke bisa hanya, wa'adin ƴan makonni kafin ya fara aiki na iya raba wani da karyewa.

Sannan ba kowane juyi ne abin yabo ba. Wanda ya ji iyaka ta rufe ya kulle mangazarsa cike da shinkafa yana jiran ta ninka, shi ma zai ce ya bi yanayi ne. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan ɓoye abinci lokacin ƙunci, kuma ko ta fuskar kasuwa zalla, ya saki abin da ya kamata ya ɗaure. Unguwa ba ta mantawa da wanda ya sayar mata a lokacin wuya da wanda ya rufe ƙofa.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lamari shi ne halin da ƴan wasan kansu suke ciki, domin ƙungiyar teyatur ita ma sana'a ce, tana biyan mota, tana ciyar da mutane. Waɗannan da suka fi kowa iya ba-zata a kan dandali, a wajen neman abinci sun daɗe suna tsaye da ƙafa ɗaya. Zamanin Samariya gwamnati ce uwa da uba. Da kuɗin uraniyom suka ja baya a shekarun 1980 aka shiga tsuke bakin aljihu, sai wannan inuwa ta yi ta raguwa. Daga baya furoje-furoje da cibiyoyin al'adu na ƙasashen waje suka maye gurbin: wasa kan rigakafi, kan karatun ƴaƴa mata, kan zaɓe, kan tsabta. An yi aiki mai kyau a ciki, kuma mutane irin su marigayi Alfred Dogbé, wanda ya kafa Arène Théâtre da bikin Émergences a Yamai kafin rasuwarsa a 2012, da ƙungiyar Tréteaux du Niger da ta yi ta yawo da wasa gari-gari, sun yi ƙoƙarin ganin teyatur ya zama sana'a mai tsayuwa da kanta. Duk da haka, da aka hana taruwa a 2020, da kuma masu ba da tallafi da yawa suka dakatar da shi bayan Yulin 2023, ƙungiyoyi da dama sun wayi gari ba wanda ke kiransu.

Wasan kwangila yana da wata illa da ba a cika faɗa ba. Mai biya shi ke kawo saƙo, wani lokaci har da kalmomin da yake so a ji, kuma ƴan kallo ba su biya ko dala ba. In sun tashi sun watse a tsakiya, kuɗin ƙungiya na nan. A hankali kunnen nan da aka gada, mai jin lokacin da fili ya yi sanyi da lokacin da ya ɗauki zafi, sai ya fara dushewa, don ba shi ke kawo abinci ba. Bidiyon waya da matasa ke sakawa a TikTok da Facebook yana kawo suna, yakan kawo tallan shaguna, kuma ina murna da shi. Amma a bidiyo in ka yi kuskure yankewa ake yi a sake. Yaron da bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku kuran ya ɗauke masa ba, akwai abin da bai koya ba tukuna.

Tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar, wadda aka sani da sunan Jean Rouch, an sauya mata suna a Oktoban 2024 zuwa Moustapha Alassane. Mutumin nan, wanda ya rasu a 2015, ya zauna a Tawa yana riƙe da otal, yana kuma yin finafinansa na zane a nan cikinsa da kayan da ya samu a hannu. Bai jira sai an aiko masa da kuɗi daga waje kafin ya yi aiki ba. Ƙungiyoyinmu na yau suna iya ɗaukar wannan tafarki ba tare da sun bar dandali ba: wasan mutum biyar ko shida da kayansa ke shiga mota ɗaya, wanda aka gwada shi da lasifika aka kuma gwada shi babu, da fitila mai caji a jaka, yarjejeniya da makarantu daga Doso zuwa Dogon Dutsi zuwa Ƙonni zuwa Tawa, tike mai araha, dala 20 ko 40, a lokutan da mutane ke da ɗan abu a hannu, bayan sallah da bayan kaka. Kuɗin kaɗan ne, amma daga hannu da yawa suke fitowa, ba kuma za su tsaya rana ɗaya don wata ƙasa ta yi fushi da wata ba.

Babban abin da ke hana wannan shi ne hayar fili. In an ce ƙungiya ta biya tsayayyen kuɗi kafin ta shiga, ita kaɗai ta ɗauki haɗarin hadari da na kuran da na rashin jama'a, kuma dare biyu marasa kyau sun isa su cinye jarinta. Da ma'aikatun magajin gari da masu kula da gidajen matasa za su ware dare ɗaya a mako su ce ba haya, sai dai a raba abin da ƙofa ta kawo, da lissafin ya sauya. Daren da ruwa ya kori mutane, gidan ya rasa kasonsa na dare ɗaya a filin da da ma a rufe zai kwana, ƙungiya kuma ta koma gida ba bashi a kanta. Daren da fili ya cika, kowa ya samu, kuma mai kula da gidan yana da dalilin da zai sa ya gyara fitilu, ya share fili, ya sa a yi shela a rediyon unguwa.